Masaukin Tarwaɗa

Haihuwata ta fari a gida na yi ta, kamar yadda aka saba. Aka ɗauko ni daga ɗakin mijina a Rijiyar Lemo aka maido ni Fagge wankan jego. Mai jego kuwa ba ta da aiki sai ci da wanka da sa ido. Ni dama Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf, ga shi an shimfiɗa mini tabarma a bakin rumfa, inda tsakar gida duk take gabana. Shi ya sa abin da ya raba Baba da amininsa a kan idona ya faru, kuma har yau ban manta ba.

Lokacin kuɗin man fetur ne. Duk wanda ya ɗan samu sai ya rushe ginin ƙasa ya kafa bulo. Siminti ya zama abin ado, har gori ake yi wa mai daɓen ƙasa. Mu ma ba a bar mu a baya ba. An ja mana famfo har tsakar gida, kuma in baƙo ya zo sai Baba ya ƙirƙiro dalilin da zai sa a murɗa shi a gabansa.

Baba Babarbare ne. Kakanninsa daga bakin tafkin Chadi suka zo Kano fatauci suka zauna, shi kuma ya gaji sana'ar gidan, sayar da banda a kasuwar Sabon Gari. Da hanci kawai yake gane kifin da aka ƙyafe da kyau da wanda aka yi wa ha'inci. Inna Bafulatana ce, saboda haka wasan Barebari da Fulani bai taɓa ƙarewa a gidanmu ba. Takan ce masa, "Malam, kai fa kifi sai ya mutu kake saninsa." Shi kuma ya ce ai gara shi, ita da ko kamun kifi ba a yi a rugarsu.

Amininsa Ibo ne, Kirista, yana sayar da madara da sukari da sabulu a Kasuwar Singa, gidansa kuma a Sabon Gari. Mu yaran gida Baban Sabon Gari muke ce masa. Shi kaɗai ne namijin da ba ɗan'uwa ba da yake wuce zaure ya shigo har tsakar gidanmu. A gidansa akwai wani ɗan rami da aka yi wa siminti tun tuni, duk ya yi gansakuka, cike da tarwaɗa. Matarsa ce ta zo da iyayen kifin suna 'yan mitsi-mitsi, daga rafin garinsu, a cikin garwa, ta jirgin ƙasa. Da ƙasa ta rikice suka tafi gida, sai ya bar wa Baba makulli. Shekarun yaƙin basasan nan duk Baba ne yake leƙa gidan, ya watsa wa kifin dusa, ya sa a ƙara ruwa in ya ja baya. Da aka zauna lafiya mutumin ya dawo shi da 'ya'yansa, ba matar, don can ta rasu. Ya buɗe gidansa ya tarar da kifinta suna nan har sun hayayyafa. An ce durƙusawa ya yi a bakin ramin ya daɗe bai tashi ba. Tun daga ranar ba a sake cin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin amanar Baba.

Baba yana jin daɗin wannan yabon, ba zan ɓoye ba. Ba shi da bene, ba shi da mota, amma yana da wannan sunan, kuma ya riƙe shi da hannu biyu.

To, guguwar gini ta iso gidan Baban Sabon Gari. Ya yanke shawarar rushe gidan ya ta da bene, ramin kifin kuma ya faɗo daidai inda za a haƙa harsashi. Ga shi zai yi doguwar tafiya Ikko karɓo kaya, daga can ya leƙa garinsu. Wata safiya, ban daɗe da fitowa daga wanka ba, jikina na ta tururi, sai ga shi da mai amalanke, an jero garewani cike da wani koren ruwa, ana jin kifi na bugun ƙarfe daga ciki.

Ya yi mini barka, ya ɗauki jaririyar ya sa mata albarka irin tasu, sannan ya juya ga Baba.

"Malam, na sake kawo maka su. Masauki kawai nake nema musu har in dawo."

"Ai gidansu suka zo, mutumina," in ji Baba.

Baban Sabon Gari ya zagaya tsakar gida yana dube-dube kamar mai neman ɗakin haya. Idonsa ya faɗa kan rabin duron da ake dafa mini ruwan wanka. Tsohon duro ne, ya shekara da shekaru ba abin da yake gani sai ruwa, ga faɗin baki. Ya ƙwanƙwasa shi ya ce wannan kam da ya yi daidai. Inna ta ce a'a, wannan na mai jego ne, safe da yamma yana kan wuta. Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni da na ce su ɗauka har da murhun, don wankan nan na ganyen darbejiya ya ishe ni, fatata duk ta saluɓe. Amma mai jego ba ta da baki a kan ruwan wankanta.

Sai ya koma kan randunan Inna da ke jere a gindin bango, ƙarƙashin inuwar darbejiya. Tsofaffi ne, ɗaya ma an liƙe mata tsaga a wuya. Ya leƙa ciki, ya shafa, ya shinshina hannunsa.

"Waɗannan sun isa. Ba a taɓa sa sabulu ko kananzir a ciki ba ko, Inna?"

"Randar sha ce, wa zai sa mata sabulu?"

"To madalla. A raba su, kada su cushe wuri ɗaya. A bar su da ruwansu, in ya ragu a ƙara kaɗan-kaɗan da wanda ya kwana. Kada a cika randa har baki, a kife kwando a kai don tsalle suke yi. Abinci ɗan kaɗan. Shi ke nan, Malam, ba sa son hidima."

Baba ya ce to, amma na ga fuskarsa. Ba ta yi daɗi ba.

Aka juye kifin a randuna, mu kuma muka koma sha daga tulu. Kifin nan suka zauna lafiya lau. Da hantsi nakan matsa da tabarmata in ɗaga kwando in leƙa. Sai in ga babbar cikinsu, wata baƙa mai kai kamar tafin hannu, ta taso a hankali ta shaƙi iska ta koma, gashin bakinta na rawa. Ban taɓa zaton zan so kifin da ba a cikin miya yake ba, sai ga shi ina ajiye musu ɓarɓashin tuwona.

Baba ne bai zauna lafiya ba. A gidanmu akwai ƙa'idar da ba a takawa: baƙo ba ya zama a tsohuwar tabarma, ba ya ci a kwanon da ya lotse. Akwai sabuwar tabarma da ke naɗe a ɗakin Baba, akwai langa mai fure da ba a taɓawa sai an yi baƙo. Mu 'yan gida mu ci a duk abin da ya samu. To ga baƙi mafi daraja da aka taɓa kawo masa, an zuba su a randa mai tsaga, cikin ruwan da ko akuya ba za ta sha ba. Abokan kasuwarsa suka fara zuwa kallo, don labari ya bazu. Wani mai sayar da daddawa, mutum mai baki kamar reza, ya leƙa randa ya yi dariya.

"Malam, amanar da ake ta faɗa ke nan? Ai ko kwaɗi sun fi haka masauki."

Wasa ya yi, amma maganar ta zauna wa Baba. Da mutumin ya fita sai ya tsaya a tsakar gida yana auna wuri da ƙafa.

"Tanki zan gina musu," ya ce wa Inna. "Na bulo da siminti, mai faɗi, su sake. Mutumin nan ya dawo ya ga inda na sauke su."

"Malam, ya ce a bar su a randa."

"Kara ya yi mini. Ya ga abin da muke da shi ke nan, bai so ya ɗora mini nauyi. Baƙo ai ba ya cewa a ba shi sabuwar tabarma, mai gida ne yake shimfiɗawa."

"Ni dai na san ko sabuwar randa sai an jiƙa ta an zubar kafin a sha ruwanta."

"Randa ƙasa ce. Wannan siminti ne, na Turawa."

Inna ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta. Ita ma ba sani ta yi ba, zuciyarta ce kawai ba ta kwanta ba.

Birkila ya zo, aka sauke bulo da yashi. Gaskiya tankin ya yi kyau. An shafe cikinsa sumul kamar tangaran, an yi masa ɗan dakali a gefe inda mutum zai zauna ya yi kallo, har da 'yar magudana mai toshi. Baba ya zaɓi tsakiyar gida, inda duk wanda ya shigo zai fara gani, wato inda rana ta fi bugawa. Yana shan iska ya bushe, Baba ya murɗa famfo ya cika shi. Ruwa garau, kana hango ƙasan tankin. Ni kaina na ce kifin nan sun yi goshi.

Da safe aka yi ƙaura. Baba da kansa ya naɗe hannun riga yana kamo su ɗaya bayan ɗaya yana sakawa da bisimilla. Koren ruwan randunan kuwa ya sa aka kwarara a rariya, aka wanke randunan tas aka kife. Ina ganin ruwan nan yana bin rariya yana fita waje, ban kawo komai a raina ba.

Da farko suka yi ta zagaye da gudu, Baba ya ce murna suke yi, sun samu fili. Ya tafi kasuwa yana fara'a. Wajen azahar na lura gudun ya ƙi ƙarewa. Suna goga jiki a bango, suna tsalle suna faɗowa, wasu sun taru a kusurwa sun ɗaga baki sama. Na kira Inna. Ta sa hannu ta taɓa ɗaya, sai yauƙin jikinta ya biyo yatsunta fari fat kamar koko. Fatar ta yi dabbare-dabbare, idanun sun yi hazo. Ruwan kuma ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta.

Inna ta aika a kira Baba, mu kuma muka tayar da randuna. Sai a lokacin muka tuna ruwansu ya tafi. Ba abin da ke gidan sai na famfo mai warin magani, da ɗan abin da ya rage a tulu. Har ruwan wankana na yamma da ba a kai ga ɗorawa ba muka haɗa. Baba ya shigo ba hula, ya faɗa tankin da rigarsa yana kwaso su. Ƙananan suka fara juya ciki sama tun kafin la'asar. Babbar nan ita ta fi daɗewa. Washegari da hantsi na ɗaga kwando na tarar ta kwanta a gefe, ba ta ƙara tasowa ba.

Inna ba ta ce ai na faɗa ba. Bafulatanar da ba ta barin ta-kwana, ranar ko wasa ba ta yi masa ba. Baba ya jera su a kan buhu ya zauna a dakalin tankinsa yana kallonsu. Mutumin da ya raya kifin nan tsawon yaƙi don kawai bai taɓa su ba, yau ga shi ya kashe su da karamci. Garin neman gira an rasa ido. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushinsa, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Can sai ya miƙe ya ce a kawo masa itace da ragar waya.

"Me za ka yi, Malam?" in ji Inna.

"Zan ƙyafe su."

"Haba Malam. Ka san ba ci yake yi ba. Na matarsa ne. A haƙa rami a rufe su, in ya dawo a gaya masa."

"In gaya masa me? Mai sayar da kifi ya ce kifin amana sun mutu, ya binne, ba ko ƙaya? Ko shi ya yarda, kasuwa za ta yarda? Cewa za a yi na sayar, ko mai jego ta sha romo. Amana ana mayar da ita ne, ko da gawarta ce. Sai ya gan su da idonsa, ba wadda ta ɓata."

A nan ne na fi jin ciwo in na tuna, don ta wani gefen yana da gaskiya. Mutumin zai daɗe bai dawo ba, kuma Baba hanya ɗaya tak ya sani ta hana kifi lalacewa. Ya wanke su, ya lanƙwasa kowace ya soke jela da baki da tsinke, ya jera a raga. Bai taɓa yin banda mai kyan wannan ba. Wuta a hankali, hayaƙi daidai, yana juyawa yana shafa mai har suka yi ja suna sheƙi. Ƙamshi ya cika unguwa, maƙwabta na aiko yara tambaya ko na sayarwa ne. Ni mai jego da ake cusa wa nama safe da yamma, ƙamshin nan sai da ya kore ni ɗaki. Da suka huce ya shimfiɗa sabon ƙyalle a kwando ya jera su, babbar a sama, ya rataye a ɗakinsa.

Ana gab da arba'in ɗina Baban Sabon Gari ya dawo. Bai aiko ba, sai sallamarsa muka ji, da mai amalanke a bayansa da garewani. Ya shigo yana dariya, ya miƙa wa Inna tsarabar manja da garin rogo, yana ta zuba labari tun kafin ya zauna.

"Malam, bene ya kai rufi. Sabon ramin kuwa tun kafin in tafi na sa aka fara shi a bayan gida. Na bar wa yara aiki, su cika su zubar, su cika su zubar, har da busasshen ganyen ayaba na sa aka jiƙa a ciki. Ka san sabon siminti wuta ne, ƙone kifi yake yi. Yanzu kam ya yi gansakuka, ya huce, sai masu gida."

Yana rufe baki idonsa ya sauka kan tankin. Ya dubi randuna, ya ga faifai a kansu da moɗa maimakon kwando.

Baba ya shiga ɗaki ya fito da kwandon, ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mahaluki ba, ya ajiye a gabansa ya yaye ƙyallen.

"Mutumina, ga amanarka. Ni na kashe su. Na so in kyautata musu ne. Duba ka gani, duk suna nan."

Baban Sabon Gari ya daɗe yana kallon kwandon. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa babbar, inda tsinke ya huda bakinta, sai ya janye. Da binne su aka yi, da labari kawai zai ji. Yanzu ga kifin matarsa an naɗe su an shafa musu mai kamar na kan tebur a kasuwa.

"Ba komai, Malam," ya ce a hankali. "Tashi don Allah. Na gode da ɗawainiya."

Ya mayar da ƙyallen ya rufe, ya rungumi kwandon a ƙirji, ya yi mana sallama. Mai amalanke ya bi shi da garewani ba komai a ciki. Daga baya 'yarsa ta gaya mini a bayan gida ya binne su da kwandon gaba ɗaya, sabon ramin kuma aka cike shi da ƙasa.

Ba su yi faɗa ba. Da faɗa suka yi da an shiga tsakani an sasanta. Kunya ce ta kama Baba, irin wadda ba ta da magani. Ya sa aka rushe tankin. Ya canza hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta layin gidan. In ya hango mutumin ya nufo rumfarsa sai ya zame ta baya, a ce ya tafi masallaci. Baban Sabon Gari ya zo gida ya fi a ƙirga, Baba ya sa a ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin ƙofa. Ranar buɗe bene an aiko da gayyata, bai je ba. Da salla shinkafa da madara ba su fasa zuwa daga Singa ba, da layya cinyar rago ba ta fasa tafiya Sabon Gari ba, amma a hannun 'yan aike. Na sha ce masa, "Baba, mutumin nan fa ya yafe." Sai ya ce, "Na sani. Yafewar ce ba zan iya kallo ba." A hankali mutumin ya gaji ya daina zuwa.

Haka aka tafi har 'yar da na haifa a wannan jegon ta shiga makaranta. Sai Baba ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa.

Baban Sabon Gari ya zo ta'aziyya. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya zauna da maza a waje har aka shafa fatiha, sannan ya nemi iso ya shigo wurin Inna. Ya tsaya daga bakin rumfa ya yi mata gaisuwa, ta amsa daga cikin lulluɓi. Ina gefenta. Har ya juya zai tafi sai ya dawo.

"Inna, akwai abin da nake so in tambaya, ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Kifin nan tun a tsakar gidan nan na haƙura da su. Matata ta tafi, na san ba yadda zan yi. Kifinta sun bi ta, wannan ma na san ba yadda zan yi. To shi Malam fa? Yana da rai, ina da rai, titi ɗaya ne tsakanin Fagge da Sabon Gari. Me ya sa ya haɗa mini da kansa cikin abin da na rasa?"

Inna ta ja lulluɓinta ta rufe fuska. Ya ɗan jira, sannan ya gyaɗa kai ya fita a hankali. Na bi shi da takalmansa da ya manta a bakin rumfa, na same shi a zaure tsaye ba takalmi, ya dafa bango yana kuka.